Yana Hanya

Ke, ajiye wayar nan mana. Tun ɗazu kike yi wa bawan Allah ihu a kan takalmin da kika saya ba a kawo ba. Me ya ce miki? Yana hanya? To matso nan kusa da ƙafata, ki ɗan danna min ita, in ba ki labarin ƙanina. Shi ne mai farar rigar nan a hoton da ke kan kwabata. Ba ki yi wayo kin same shi ba. Shi ma aikinsa ke nan, amsa wa masu jiran kaya, sai dai a lokacinsu ba a waya ake zagi ba, ido da ido ne.

A kamfanin ɗaukar kaya yake, can bayan babbar kasuwa. Wani ƙaton sito ne mai rufin kwano, manyan motoci su shigo da baya, a sauke, a loda, su fita. Buhuna, kwalaye, katifu, kekunan ɗinki, har gilashi a cikin katako. A jikin bangon siton an huda 'yar taga an sa mata raga, ga benci a gabanta. Nan yake zama. Wanda aka aiko wa kaya, da wanda ya aika bai ji sun isa ba, duk wurinsa za su zo. Shi ya sa kowa Mai Taga yake ce masa. Har ni da na goya shi a bayana, na wayi gari ina ce masa Mai Taga.

Gidana ya fi nasa kusa da wurin, sai ya zama ni nake kai masa abincin rana. In ajiye kwano in zauna a ƙarshen benci ina kallon mutane. Kin san mai jiran kaya ba ya zuwa da fara'a.

To a wurin nan akwai maganar da kowa ya haddace, daga manaja har masu dako: yana hanya. Ko motar ba ta tashi ba, yana hanya. Ko an manta kwalinka a ƙarƙashin buhunan wani, yana hanya. Shi kuwa ƙanina bai yarda da ita haka tsirara ba. Ya ce min, "Yaya, hanya ai ba wuri ba ce. Daga ƙofar nan har bakin teku duk hanya ce. In na ce wa mutum yana hanya, me na gaya masa?"

Sai ya tsiri wata ɗabi'a. Duk direban da ya shigo, kafin ya wanke fuska ya tare shi. A ina ka wuce wane? Tafiya yake ko tsaye? Me ya same shi? In aka zo tagar sai ka ji, "Kayanki yana hanya, uwata, sun wuce babbar gada da hantsi, taya ce ta yi musu faci." Ko ya ce, "Yana hanya, suna layi a wurin awon motoci, kada ka ɓata ƙafarka gobe, ka bari sai jibi." In kuwa bai sani ba, zai ce, "Ban sani ba tukuna. Zauna in tambayo."

Manajan mutumin kirki ne, mai tumbi da yawan dariya. Yakan leƙo ya ce, "Kai Mai Taga, tona mana asiri aka ɗauke ka yi? Wa ya ce ka gaya wa duniya tayarmu ta fashe?"

Shi kuma ya ce, "Ranka ya daɗe, tayar ce ta fara tonawa, ni maimaitawa na yi."

Abin har gida ya bi shi. Matarsa ɗinki take yi, Tela muke ce mata, 'yar siririya mai tsokana. Ta ce, "Mai Taga, ina fitilar da ka ce za ka sayo min?"

"Tana hanya."

"Ta kai ina?"

"Ta kai shagon mai fitila, tana jiran lodi."

Su yi ta dariya kamar yara.

Ɗa guda Allah ya bar musu, sauran ba su zauna ba. Dogo muke ce masa. In zai shigo ɗakina sai ya sunkuya, ya ce, "Gwaggo, yaushe za ki ɗaga ƙofar nan?" In ce, "Ranar da ka rage tsawo, ɗan nema." A cikin siton nan ya girma, ƙamshin man mota ya shige masa jini. Uwar ta so ya zauna a keken ɗinki kusa da ita, ya ƙi. Ya zama direba a kamfanin da uban yake. Daga nan kullum Mai Taga ya dawo gida, kafin ya cire takalmi za ta ce, "Ya kai ina?" Shi kuma ya ba ta amsa kamar tana bayan raga: ya wuce mararraba, ya tsaya shan mai, ya kwana a wurin awo. Akwai wani gangaren dutse a hanyar, mai lanƙwasa, da direbobi suke ambata da sanyin murya. In Dogo ya kusa wurin, uban ba ya iya cin abincin da na kai. Sai wani direba ya shigo ya ce ya gan shi a ƙasan gangaren, sannan ya jawo kwano.

Ana nan ciwon zuciya ya kama Tela. Ta kai ko taka keke ba ta iyawa. Aka kwantar da ita, aka yi mata aiki. Ni ce mai jinya, tabarmata a gefen gadonta. Likitan ya tara mu a bakin ƙofa ya ce, "Ɗinkin nan ɗanye ne. Kada wanda ya kawo mata labarin da zai tayar mata da hankali, ko na kaza ta mutu ne." A lokacin Dogo yana doguwar tafiya, ya ce yana sauke kaya asibiti zai wuto.

Wata rana Mai Taga bai zo ba. Bai taɓa fashi ba. Washegari da la'asar sai ga shi, ya tsaya daga waje ya yafito ni da hannu. Muka je wurin famfon da ake wanke kwanuka. Na ga takalminsa duk jar laka, rigar shekaranjiya ce a jikinsa. Ya buɗe famfo ya sa hannu a ƙasa, bai wanke komai ba, ruwa yana ta zuba.

Ya ce, "Yaya, birki ya tsinke wa Dogo a gangaren dutse. Na je. Mun rufe shi."

Na zauna a kan siminti cikin ruwan. Na buɗe baki zan yi ihu, ya toshe min da jiƙaƙƙen hannunsa. Ya ce, "Tagar ɗakinta ce waccan. Ki rufa min asiri. Na rasa ɗaya, kada in rasa biyu."

Na wanke fuska, muka shiga. Tela tana kishingiɗe, an tokare ta da matashi. Ta ce, "Mai Taga, jiya ka yi mana yaji. Dogo fa?"

Na ga maƙogwaronsa ya motsa. Mutumin da ko a kan kwalin sabulu bai taɓa yi wa baƙo ƙarya ba. Ya ce, "Yana hanya."

Shi ke nan. Bai ƙara komai ba.

Ta dube shi, ta daɗe tana dubansa. Sannan ta ce, "To, Allah ya kawo shi lafiya." Ta juya fuska bango ta ja mayafi. Na ga kafaɗarta tana rawa, na ce, "Ɗinkin ne?" Ta ce, "Ɗinkin ne, Yaya." Na je na kira ma'aikaciya ta ƙara mata magani.

Kin san abin da ya fi ba ni tausayi? Da gari ya waye sai ya koma tagarsa. Manaja ya ce ya je ya huta, idonsa shi ma jawur. Ya ce, "Motar nan cike take da kayan mutane. Wa zai gaya musu? In na tafi, yaran nan cewa za su yi yana hanya, mutane su yi ta zarya." Kuma gida ba zai iya zama ba, asibiti ba zai iya wuni yana kallonta ba.

Ranar na bar wata maƙwabciya a wurin Tela na kai masa abinci, don na san ba wanda zai tuna da cikinsa. Na tarar benci ya cika. Ɗaya bayan ɗaya yake gaya musu: motar ta faɗi a wuri kaza, abin da aka tsinto yana cikin sito, a shigo a duba, wanda ya lalace kamfani zai yi magana da mai shi. Sai ga wata mata mai sayar da tangaran, ƙatuwa, ta riƙe ragar da hannu biyu tana jijjigawa.

"Wane irin direban banza kuka ba kayana? Barci yake yi? Ko shaye-shaye? Irin waɗannan ai gara su..."

Wani dattijo cikin masu dako ya yunƙuro zai yi magana, Mai Taga ya ɗaga masa hannu.

Ya ce, "Ba barci yake ba, uwata. Yaro ne mai kula. Birki ne. Ki yi haƙuri, kwali biyu naki sun tsira, na ware miki su a inuwa."

Ta tafi tana masifa. Ban san wanda ya gaya mata a kasuwa cewa direban ɗansa ne ba. Kafin in tattara kwanona sai ga ta ta dawo, ba mayafi, ta zauna a kan bencin nan tana kuka wiwi, ta kasa ko duban tagar. Shi ne ma ya fito ya ba ta ruwa.

Haka muka yi ta yi har aka sallami Tela. Kullum ya zo ya zauna a bakin gado, su yi hirar keke, da ruwan sama, da maƙwabta. Ba ta sake tambayar Dogo ba. Ni da wautata har ina cewa Allah ya taimake mu, magani ya sa ta mantuwa.

Da muka kai ta gida ta ɗan yi ƙarfi, likita ya ce yanzu a iya gaya mata a hankali. Ya ce in zo in zauna kusa, ko za ta faɗi. Ya durƙusa a gabanta, ya fara, "Tela, akwai maganar da..."

Ta ce, "Ba sai ka wahalar da bakinka ba. A gangaren dutse ne?"

Ya ɗago kai ya dube ta.

Ta ce, "Tun da na shigo gidanka, ko fitila ka ce tana hanya sai ka faɗi inda ta kai. Ranar nan ka miƙo min ita tsirara. Kafin ka rufe baki na sani."

Ya ce, "To me ya sa ba ki yi magana ba?"

Ta ce, "In na ce ya kai ina, dole ka ƙirƙiro min gari. Ƙarya guda ɗaya ka yi, na ga yadda ta tsaya maka a wuya. Zan sa ka yi ta biyu? Kai kana tsaron zuciyata, ni kuma wa zai tsare min taka?"

Ranar ne na fara ganin ƙanina ya yi kuka tun yana goye. Ya kifa kai a gwiwarta, ita tana shafa masa furfura, ni kuma na fita tsakar gida na yi nawa.

Ya ci gaba da aiki har ƙarfinsa ya ƙare. Amma kalmar nan ba ta sake fita daga bakinsa a tagar ba. Sai dai ya ce sun wuce gada, suna wurin awo.

Da tsufa ya kama shi sosai, sai kansa ya fara ruɗewa. Ya manta an yi, ya manta an gama. Ya sa kujera a bakin ƙofa, duk babbar motar da ta yi gurnani a titi sai ya miƙe wuya. Ya ce, "Tela, Dogo fa?"

Farkon abin ta gaya masa gaskiya, ya yi kuka kamar yau aka yi. Gobe ya manta ya sake tambaya. Sai ta daina. Ta ce, "Yana hanya."

Ai kuwa sai ya ɓata fuska. "Hanya wuri ce? Ya kai ina?"

Dole ta koyi aikinsa. Yau ta ce ya wuce mararraba, gobe ya tsaya shan mai, jibi yana layi a wurin awo. Ya gyaɗa kai ya ce, "To, da sauran tafiya." Duk wuraren da take faɗa na gabanin gangaren ne. Ba ta taɓa yarda ta kai shi can ba, sai ta juyo da shi baya ta sake farawa.

Ranar da zai tafi ina nan, da hantsi ne, rana ta shigo har kan gadon. Ya daina cin abinci, murya ta shige. Ya motsa baki, ta kai kunne. Ni ma na ji.

"Ya kai ina?"

Ta dube ni. Ta riƙe hannunsa da hannu biyu. Ta ce, "Ya wuce gangaren dutse, Mai Taga. An gan shi a ƙasa, lafiya lau."

Ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya. Ya ce, "Alhamdu lillahi. To ba ni abincina."

Na tashi na je ɗauko kwano. Kafin in dawo ya cika.

Miƙo min ruwan nan, maƙogwarona ya bushe. A'a, bar ƙafar haka, ta daina.