Maigidan da Yake Amsa Sallama da Kansa

Shekara ashirin da biyar ke nan da rasuwar maigidana, wanda mutanen Unguwar Shanu suka sani da Malam Garba Akawu. Ni dai Malam nake ce masa, kuma ko yanzu da na rubuta sunan nan sai da na waiga, kamar wani zai ji ni. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. 'Ya'yanmu sun so a yi taro a buga ɗan littafi mai hotuna, na ce su bar ni in faɗi abu guda a jarida, domin na san abin da za su zuba a littafin: ya yi wa gwamnati aiki, ya je Ingila, ya riƙe amana. Duk gaskiya ne, amma kusan kowane mamaci haka ake faɗa a kansa. Abin da ni na sani game da shi ƙarami ne, har ana iya yi masa dariya, kuma an yi. Malam shi yake amsa sallama da kansa.

Wanda ya tashi a zamanin wayar hannu ba zai ga abin magana a nan ba, don haka bari in yi bayani. A lokacinmu idan ka je gidan mai faɗa a ji, a zaure za ka tsaya ka yi sallama. Yaro ya leƙo, ka ce ana sallama da maigida. Ya shiga ya dawo ya ce wai wane ne. Ka faɗa. Ya koma ya sake dawowa ya ce wai daga ina. In kana da rabo a ce ka jira, in ba ka da shi a ce ya fita, alhali kana jin tarinsa daga ciki. Gwargwadon daɗewarka a zaure, gwargwadon girman maigidan. Ni cikin wannan na tashi, domin mahaifina bafade ne a Zariya, kuma girma a wurinsa kamar rawani yake, ba a barinsa ya kwance a gaban jama'a. Da aka kawo ni Kaduna amarya a farkon shekarun hamsin, Malam ma haka na tarar yana yi. Akawu ne a wani ofishin gwamnati, yana da kekensa da agogonsa da yaro mai leƙa zaure, ni kuwa ban ga aibun komai ba.

Sai aka tura shi kwas Ingila, lokacin da ake shirin miƙa wa 'yan ƙasa kujerun Turawa. Abokan tafiyarsa sun dawo da kwat da rediyo da sabon salon tafiya. Shi ma ya zo mini da keken ɗinki, ba zan ci haƙƙinsa ba. Amma washegarin dawowarsa, da aka yi sallama, yaron gidanmu ya miƙe zai fita, Malam ya ce masa ya zauna. Ya ajiye kofin kokonsa, ya zura takalmi ya fita da kansa. Na ɗauka ɗokin ganin jama'a ne, zai wuce. Ashe hali ne ya shigo gidan, kuma bai fita ba sai da aka fita da mai shi.

Da na matsa masa da tambaya ya ba ni labari. A garin da suka yi karatu, shugaban majalisar garin ya gayyace shi shan shayi. Ya je ya ƙwanƙwasa ƙofa, wani tsoho ya buɗe, hannunsa duk ƙasar lambu, rigar sanyinsa ta huje a gwiwar hannu. Malam ya gyara tsayuwa ya ce masa ya shiga ya gaya wa maigida baƙonsa ya iso. Tsohon ya yi murmushi ya ce ai maigidan ya riga ya ji, ya karɓi kwat ɗin Malam ya rataye. Ya ce mini bai taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma shayin nan bai san ta inda ya bi ba.

Kada a ɗauka ya dawo yana yabon Turawa kamar sun sauko daga sama. Ya ce akwai ranar da kewar gida ta dame shi, ya tafi gidan wani malaminsu ba tare da an yi alkawari ba. Mutumin ya buɗe da kansa, gaskiya, amma a bakin ƙofa ya tsayar da shi cikin ruwan sama, ya ce ya dawo ranar Talata. Ko ruwan sha bai samu ba. Malam yakan ce, su can babba ke buɗe ƙofa amma sai ya san da zuwanka, mu nan kowa na iya zuwa amma sai ya bi ta bakin yaro. Shi sai ya ɗauki rabin nasu ya haɗa da rabin namu: ka zo duk lokacin da ka ga dama, kuma fuskar maigida za ka fara gani. Ana cewa tafiya mabuɗin ilimi, amma shi abin da tafiya ta nuna masa zauren gidansa ne, wanda ya bari a baya.

Ni ce na sha wahalar wannan haɗi. Tuwo ya huce, a ɗuma, ya sake hucewa. Labari ya bazu har ƙauyukan hanyar Zariya cewa akwai akawun da ake gani ido da ido, sai ga mai neman a karanta masa takardar asibiti, ga wanda bai san ofishin da zai kai kukansa ba, ga wanda aka kama wa jaki don ya ratsa unguwar Turawa. Matan abokan aikinsa kuwa suka samu abin yi, in mun haɗu wurin suna sai a tambaye ni ko mai gadin gidanmu yana lafiya. Malam Bakano ne, ni Bazazzagiya, tsiya tsakaninmu gado ce, don haka ban raga masa ba. Na ce masa su Kanawa ai ba su san gida ba sai shago, kowa ya taɓa ƙofa su zabura suna tsammanin ciniki ne ya zo. Ya ce mu Zazzagawa kuwa ko gobara ce ta yi sallama sai an ce ta jira a zaure.

Mahaifina bai ɗauke shi wasa ba. Ya hau jirgin ƙasa ya zo Kaduna musamman, domin a lokacin kowa ya san akwai kujerar shugaban sashe da Bature zai bari, kuma sunan Malam ne a gaba. Baba ya zaunar da shi ya ce, "Garba, ido wa ka raina? Wanda nake gani kullum. Mutumin da kowa ke iya kira ya fito, ba a ba shi jama'a ya riƙe." Malam ya durƙusa, kansa a ƙasa, ya ce, "Allah ya ƙara girma, Baba, na ji." Suna cikin haka aka yi sallama. Na ga ƙafarsa ta motsa, ya daure, ya sake daurewa, sannan ya nemi gafara ya fita. Baba ya dube ni ya ce in haɗa masa kayansa.

Ranar da aka yi ta ta ƙare wata Lahadi ce da hantsi. Wani mai sayar da itace daga Katabu, Tanko, ya zo neman a ɗauki ɗansa masinja a ofishin su Malam. Yana cikin bayani, irin bayanin mutanen ƙauye da ke farowa tun daga haihuwar yaron, sai mota ta tsaya a ƙofar gida. Baturen ofishinsu ne, wanda akawuna suka laƙaba wa Mai Lofe, kuma shi ne zai rubuta wanda ya dace da kujerar. Bai sauko ba, ya danna oda yana jiran yaro ya rugo. Malam ya fita ya gaishe shi da ladabi, ya ce ga kujera a zaure, yana da baƙon da ya riga shi, yanzu zai sallame shi. Ya koma ya zauna gaban Tanko a kan tabarma. Ina leƙe ta soron ciki. Mai Lofe ya zauna a mota yana busa hayaƙi, can ya tada ita ya tafi.

Kujerar wani aka ba. Daga baya muka ji an ce Malam ma'aikaci ne nagari, amma bai san tazarar da ta kamata tsakanin shugaba da talakawa ba. Shi abin dariya ya ba shi, ya ce ashe Turawan can daban, na nan daban, na nan sun sha ruwanmu har sun fi sarakuna sarauta. Ni ban yi dariya ba, kuka na yi, domin da kujerar akwai gida da mota, kuma na riga na gama shirya ɗakunan a zuciyata. Abin da ya fi ƙona mini rai, Tankon ma ba a biya masa buƙata ba. Malam ya gaya masa gaskiya cewa ba shi da ikon ɗaukar masinja, kuma ko yana da shi akwai waɗanda suka riga ɗansa, ya ba shi shawara ya kai yaron koyon kafinta.

Na ce, "Malam, ka zubar da kujera a kan mutumin da a'a ma za ka ce masa?"

Ya ce, "Malama, ai shi ya sa. Wanda za ka ce wa a'a shi ya fi cancanta ka ji shi har ƙarshe."

Na daɗe kafin in gane cewa nan ne ƙashin bayan abin. Maigidan da ke da yaro a ƙofa bai taɓa hana kowa komai ba, yaro ne ke cewa ba ya nan. Malam kuwa da bakinsa yake cewa ba zan iya ba, yana kallon mutum cikin ido, kuma na ga yadda hakan yake cinsa, wani lokaci ya dawo ya kasa ƙarasa abincin. Yawancin waɗanda suka zo ƙofarmu ba su samu abin da suka zo nema ba. Amma ba wanda ya koma yana tunanin ko an isar da saƙonsa. Tanko kuwa, da ya ji abin da zuwansa ya jawo, ya zo ba da haƙuri da ɗaurin itace, Malam ya ce sai dai ya karɓi kuɗinsa. Tun daga nan duk Juma'ar da ya shigo gari sai ya biyo gaisuwa, da jaki da farko, daga baya a motar haya, har suka tsufa tare.

Yanzu ina zaune a Kinkinau wurin babban ɗanmu. Zaure ya ɓace daga gidajen Kaduna, sai ƙofar ƙarfe mai 'yar taga da mai gadi ke leƙowa. Wajen Mando, inda na sani gonakin dawa ne, katangun sun fi masallatai tsawo. Baƙo ya iso ya kira waya, maigida ya dubi sunan ya kife wayar a kan kujera, ta yi kuka ta gaji. Yaron zaure bai mutu ba ashe, aljihu ya koma. Nakan tambayi kaina abin da Malam zai ce da ya ga wannan. Na tabbata ba zai yi wa kowa wa'azi ba, bai iya ba. Waya zai saya, ya amsa kowane kira har na wanda ya yi kuskuren lamba, ya tambaye shi mutanen gida, ni kuma in ci gaba da ɗumama tuwo. Jikokina da suka yi karatu a ƙasashen waje suna dawowa da labarin tituna da jiragen ƙarƙashin ƙasa, ina saurare ina jira in ji wanda zai ce ya hango wani abu game da gidansu daga can.

A jinyarsa ta ƙarshe, da ƙafa ta ƙi, daga kan gado yake amsawa. Ya sa aka mayar da shi ɗakin da ke kusa da zaure don muryarsa ta kai. Ranar Juma'a da hantsi Allah ya karɓi abinsa, muna tare da shi ni da 'ya'ya biyu. Ba mu aika wa kowa ba tukuna, ko kuka ba a fara ba, mun dai ja masa mayafi muna zaune. Sai muka ji sallama a zaure, muryar Tanko, ta tsufa tana rawa. Wallahi mu ukun nan gadon muka waiga muka kalla. Shekara da shekaru ba wanda ya taɓa amsa sallama a gidan nan sai shi, bakinmu bai saba ba. Tanko ya sake yin sallama. Bai yi ta uku ba. Sai muka ji ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Shi ya tafi ya gaya wa liman, ba tare da kowa ya faɗa masa komai ba.

Bai bar gida a unguwar manya ba, bai bar titi mai sunansa ba, kuma har gobe ina nan kan bakata cewa kujerar nan tasa ce, an zalunce shi. Abin da ya bari shi ne mutanen da har yau, in suka ji ko ni matar wace ce, sai su ce ubansu ya taɓa zuwa ƙofarmu, kuma maigidan da kansa ya fito. Ina kewarsa ƙwarai, har da tuwon da ke hucewa. Idan aka buga ƙofa a nan Kinkinau, jikoki sukan ce, Hajiya ki zauna, akwai mai gadi. Nakan ɗan dakata ko zan ji muryarsa ta riga ni. In ban ji ba, sai in jawo sandata in tashi.