Kofin da Na Ciwo a Kano

Abubuwa da yawa sun same ni a rayuwa waɗanda yanzu sai an tuna mini da su, amma ranar da na ciwo kofi a gidan rediyo a Kano ba ta cikinsu. Ita kam tana tare da ni har in koma ga Mahaliccina. Mutanen garinmu da suka san zancen sun ɗauka ranar farin cikina ce, ni kuma ban taɓa gyara musu ba. Yanzu da furfura ta cika mini gemu na ga gara in faɗi yadda abin ya kasance.

Shekarar ita ce wadda yaranmu ƙanana suka je ƙasar Sin suka ciwo kofin ƙwallon ƙafa na duniya. Ƙauyenmu yana tsakanin Ɗambatta da Kunci, inda gona ke manne da gona, ba wani daji da mutum zai shiga ya samo abin kai wa baki. Damina biyu a jere ruwa ya ɗauke mana tun gero bai yi ido ba. Annobar shanu ta kwashe mana bijiman noma guda biyu. A shekara ta uku ruwa ya ɗan dawo, muka fara murna, sai fara ta sauka dab da girbi. Abin da muka ɗaure muka kai rumbu, ko yaro ya kalla ya san ba zai kai mu bazara ba. Mutane ba sa ma yawan kuka da halin da ake ciki, kowa ya gaji da maganar. Idan an gaisa an tambayi gida, sai a yi shiru.

Ni a lokacin ina da shekara ashirin da biyu. Na gama makarantar horon malamai, amma an dakatar da ɗaukar ma'aikata, don haka na dawo gida ina bin Baba gona. Ni kaɗai ne namiji a ɗakinmu, sauran ƙannena uku duk mata ne. Abin da ya riƙe ni a waɗannan shekaru wata 'yar rediyo ce mai murfin fata. Idan batir ya yi sanyi sai in shanya shi a rana a kan danga, in mayar, ya ƙara mini kwana biyu. Ba abin da nake saurare kamar labarin wasanni. Ina da littafin rubutu guda da nake zuba duk wanda ya zama zakara a shekarar: masu ƙwallo, masu gudu, 'yan dambe, masu tseren mota, har da wasannin da ban taɓa gani da idona ba. Yanzu na gane dalili. A cikin rediyon nan kullum akwai wanda ya yi ƙoƙari kuma ƙoƙarinsa ya biya shi. A gonarmu ba haka abin yake ba.

Da shekara ta zo ƙarewa, gidan rediyon ya sanar da gasar kacici-kacici a kan zakarun wasannin duniya na shekarar. Aka karanto tambayoyin share fage, aka ce wanda ya amsa daidai za a gayyace shi Kano, kuma akwai kyauta mai tsoka. Na rubuta amsoshina na aika. Bayan mako uku hedimastan firamarenmu ya kawo mini takarda har gida: ina cikin mutum takwas da aka zaɓa, ranar Juma'a za a yi.

A makon nan ne kuma wani ɗan kwangila ya zo neman ma'aikatan saran rake a wata babbar gona can ƙasar Nufe, aikin wata huɗu. Masu so sun fi gurbin yawa. Kawuna, ƙanin Inna, shi ya yi ta bin mutumin har ya samar wa gidanmu gurbi ɗaya, da sunana. Duk gidan da ya ba da mutum ana sauke masa buhun dawa kafin a tafi. Namu ya iso ranar Talata, ranar Laraba Inna ta surfa daga ciki, muka ci tuwo har muka ƙoshi, abin da muka daɗe ba mu yi ba. Mota kuma ranar Asabar da safe za ta tashi daga Ɗambatta.

Ranar Alhamis na sami Baba a zaure yana tufkar igiya, na nuna masa takardar. Ba ya karatun boko, amma ya karɓa ya jujjuya ta, ya miƙo mini. Na yi masa bayani cewa da yamma ina gida, kuma wataƙila kyautar ta zama abin da zai taimaki gidan.

"Ka san motar Asabar da safe ce," in ji shi.

Na ce na sani.

"To, Allah ya ba da sa'a."

Baba ya haura sittin a lokacin, kuma tun da muka rasa bijiman nan yake fama da ciwon baya, domin da hannu muka yi huɗar gonakin duka. Na sayar da zabina biyu na yi kuɗin mota, ranar Juma'a na kama hanya tun da sassafe.

A gidan rediyon na tarar da sauran bakwai ɗin. Yawancinsu ɗaliban jami'a ne, suna hira suna cakuɗa Hausa da Turanci, ni kuma na sami gefen benci na zauna da littafina a aljihu. Muka yi ta jira. Wuta ta ɗauke, injin ba da wuta kuma aka ce ba mai. Aka je masallacin Juma'a aka dawo, shiru. Sai bayan la'asar mai gabatar da shirin ya fito ya ba mu haƙuri, ya ce mu dawo gobe da ƙarfe goma.

Na fito na tsaya a bakin titi. Wannan tsayuwar ita ce ba na mantawa, fiye da duk abin da ya biyo baya. Da na nufi tasha a lokacin, da kafin isha ina gida. Ba wanda ya riƙe ni. Na tsaya ina lallashin kaina: ai motocin nan ba sa tashi a kan lokaci, idan an ce safe sai azahar, ai za a gama da wuri, ai ko na makara kawu zai sa baki a jira ni. Duk na san ƙarya nake yi wa kaina. Gaskiyar ita ce shekara uku ban yi wani abu da aka ce na iya ba, kuma na san abin da ke cikin littafin nan babu wanda ya fi ni saninsa a cikin mutum bakwai ɗin nan. Na juya na nufi Rijiyar Zaki, wurin wani abokin karatuna da ke leburanci a ginin sabuwar jami'a, na kwana a ɗakinsa.

Washegari ba a fara ba sai wajen sha ɗaya da rabi. Aka zaunar da mu a wani ɗaki mai sanyi, aka ajiye abin magana a gaban kowa. Da aka fara, duk fargabar da nake ciki ta tafi. Aka tambayi ɗan wace ƙasa ne ya kafa sabon tarihi a gudun dogon zango a bana, na ce Maroko. Aka tambayi ƙungiyar wace ƙasa ce ta ɗauki kofin Turai a wasan da katanga ta rufta wa 'yan kallo, na ce Italiya. Zakaran tseren mota, na ce Bafaranshe ne, na faɗi sunansa. Zakaran damben masu nauyi da ya daɗe ba a doke shi ba, wa ya ƙwace masa kambu? Na faɗa, har na ƙara da cewa wanda ya doke shin bai kai shi nauyi ba. Mai gabatarwa ya yi dariya ya tambaye ni ko muna da talabijin a ƙauyenmu. Na ce ko wutar lantarki ba mu da ita. Aka yi ta zubar da mutane har muka rage mu biyu, ni da wani ɗalibi mai tabarau. Tambayar ƙarshe a kan yaron nan ne ɗan shekara goma sha bakwai da ya lashe babbar gasar tanis ta Ingila. Ɗalibin ya ce ɗan Amurka ne. Na ce ɗan Jamus ta Yamma ne, ƙasar da yaranmu suka doke a wasan ƙarshe a Sin.

Aka tafa mini. Kyauta mai tsokar ita ce ɗan ƙaramin kofi mai ruwan azurfa, da ƙwallo ɗaya, da rigar wasa. Na karɓa ina murmushi, ina kallon agogon bango. Ƙarfe ɗaya ta wuce.

Ban sami mota da wuri ba, kuma wadda na samu sai da ta tsaya sau biyu a hanya. A Ɗambatta na je inda aka ce motar 'yan rake za ta tsaya, ban tarar da kowa ba sai mai sayar da rake na gaske yana fere. Ya ce ai sun tashi tun kafin azahar. Na taka zuwa gida ina shirya abin da zan faɗa wa Baba, ina tunanin yadda za a zo a ɗauke buhun nan a gaban maƙwabta.

Da na yi sallama Inna tana tsakar gida tana tankaɗe. Ta amsa, ta kalli ƙwallon da ke hammatata, ta ci gaba da aikinta. Na tambayi ina Baba.

"Ya tafi," ta ce. "Ya jira ka a bakin mota har aka fara kiran suna. Da aka kira naka sai ya amsa."

Ta ce ɗan kwangilar ya so ya ƙi, ya ce aikin ba na dattawa ba ne, Baba ya ce masa a gidansa an riga an ci dawar, kuma shi bai saba cin abin da bai yi wa aiki ba. Jakar da ta haɗa mini ita ya ɗauka. Takalmana na roba ma su ya saka, domin nasa sun tsinke. Duk wannan a hankali ta faɗa, ba faɗa, ba kuka. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

Ranar Lahadi da yamma aka saka shirin. Samarin gari suka cika ƙofar gidanmu, duk amsar da na bayar sai su yi shewa. Na so in kashe rediyon, Inna ta ce daga cikin gida in bar shi, ita ma ta ji abin da na je yi. Ta saurara har ƙarshe. Sannan ta tashi ta ɗora tukunya.

Na nemi in bi su in karɓi Baba. Kawu ma yana cikin tafiyar, babu wanda ya san takamaiman wurin, wakilin ɗan kwangilar kuma ya ce in jira mota ta biyu. Motar ba ta taɓa zuwa ba. Na ba makarantar firamare ƙwallon, na kama aikin bugun tubali a Ɗambatta, kullum in tafi da ƙafa in dawo da ƙafa. Wata huɗun nan ban kunna labarin wasanni ko sau ɗaya ba.

Sun dawo dab da faɗuwar damina. Na je tarye. Mutane suna ta dirowa daga bayan motar, shi kuwa sai da kawu da wani suka riƙo shi suka sauko da shi. Ya rame, ya yi baƙi, hannuwansa duk tabon kaifin ganyen rake, ga tari da ba ya barinsa ya gama magana. Na durƙusa na gaishe shi, na karɓi jakar. Duk abin da na yi wata huɗu ina shiryawa ya ɓace mini. Muka kama hanyar gida a hankali, yana tafiya yana hutawa. Sai da muka kusa shiga gari ya ce mini motarsu ta lalace a hanyar Zariya ran da suka tafi, suka yi kwana biyu a wurin, kuma mai shayin da ke bakin titin yana da rediyo.

"Na ji ka," ya ce. "Ba ka yi kuskure ko ɗaya ba. Na gaya wa mutanen wurin ɗana ne."

Na sunkuyar da kai muka ci gaba da tafiya.

Baba bai sake yin cikakkiyar damina a gona ba. Yakan fito ya zauna a gindin bishiya yana nuna mini inda zan gyara. Ya yi wasu 'yan shekaru a haka kafin Allah ya karɓi abinsa, kuma har ya rasu bai taɓa tayar da zancen Asabar ɗin nan ba, bai kuma bari wani ya tayar a gabansa ba. Daga baya na sami aikin koyarwa, na yi shekaru ina yi har na ajiye. Na koma sauraren wasanni, ba zan ɓoye ba, amma ban ƙara rubuta sunan zakara a littafi ba.

Ba na cewa son wasa laifi ne, ko neman a san ka iya wani abu. Matashin da ya gaji da zaman banza yana da uzurinsa. Abin da na koya, kuma nake gaya wa 'ya'yana idan na ga suna lallashin kansu kamar yadda na yi a bakin titin nan, shi ne aikin da ya hau kanka ba ya ɓacewa don ka ƙi zuwa. Wani ne zai je ya yi shi. Kuma sau da yawa wanda zai je ɗin shi ne wanda ya fi kowa sonka, wanda ba zai taɓa buɗe baki ya ce maka ga abin da ka jawo masa ba.