Garwashin Iya Kulu

Haƙƙi ne a kan duk wanda ya karɓi labari daga bakin wani ya ambaci sunansa ranar da zai ba wasu. Ban koyi wannan a makaranta ba, ban kuma koye shi a ofishin adana takardu inda na yi aiki har na yi ritaya ba. A gindin murhun kakarmu Iya Kulu na koye shi, a gidanmu na Gyaɗi-Gyaɗi, tun unguwar tana da sauran filaye da gonakin gero a bayan gidaje.

Idan an sauke tuwo aka yi sallar isha'i, Iya ba ta kashe wuta. Takan tura guntun itace ɗaya, mu jikoki mu kewaye ta, har da 'ya'yan maƙwabta. Tana da wani tari na hayaƙin girki, gajere, mai fita ta hanci, kuma takan buga muciya a dutsen murhu idan tana son a yi shiru. Ba ta taɓa fara tatsuniya ba sai ta faɗi inda ta samo ta. "Wannan garwashin," in ji ta, "daga murhun Goggo Ladi ta Daurawa na ɗebo shi, ita kuma daga na uwarta." Duk yaron da ya maimaita tatsuniya a waje bai ce daga Iya ya ji ba, gobe a bayan kowa zai zauna, inda ɗumi ba ya kaiwa.

Wadda muka fi so ita ce ta garin da ruwan sama ya kashe wutar kowane gida, sai ta wata tsohuwa da ta rufe garwashinta da kasko. Kowa ya zo da tsingaro, ta zuba masa, ba ta karɓi ko ƙwayar hatsi ba. Wani saurayi ya ɗebi nasa ya wuce da shi garin gaba, ya ce shi ya ƙirƙiro wuta da hannunsa. Aka ɗaga shi sama ana kirari. Amma wutar tasa hayaƙi kawai take yi, an yini ana hurawa tukunya ba ta tafasa ba. Sai da yunwa ta sa yara kuka ya sunkuyar da kai ya faɗi sunan tsohuwar, nan take wuta ta kama. A nan Iya takan ce, "Tatsuniya ta koma tokarta, kowa ya nufi tabarmarsa."

Cikin masu zama a gaba akwai Nasiru, ɗan kawuna, wanda Iya ta goya bayan rasuwar mahaifiyarsa. Shi ne ya mayar da tatsuniyar garwashin nan ta zama wasan dandali yana jami'a, daga baya ya fitar da ita littafi. Na yi masa magana a lokacin cewa ban ga sunan Iya a ciki ba, ya ce kuskuren maɗaba'a ne, za a gyara a bugu na gaba. Na yarda, domin ban saba zargin ɗan'uwa ba.

Bana wani kamfani ya mayar da littafin ya zama fim, aka ɗora shi a manhajar kallo ta intanet. Muka taru a Tarauni, gidan Goggo Asabe, ita kaɗai ta rage cikin 'ya'yan Iya. Ta sa an dafa shinkafa, ta gayyato maƙwabciyarta Maman Rifkatu, malamar firamare 'yar kudancin Kaduna, wadda ta yi jinyar Iya tare da mu. Goggo tana ta faɗa wa kowa cewa yau duniya za ta ji tatsuniyar Innarta.

A fim ɗin, saurayin shi ne jarumi. Tsohuwar kuwa mayya ce da ta ɓoye wa gari wuta, sai da ya sato. Na daure da wannan, na ce a raina kowa da yadda yake juya labari. Sai mayyar ta yi wani gajeren tari ta hanci, ta ɗaga muciya ta buga a dutsen murhu. Maman Rifkatu ta dubi ƙasa. Goggo Asabe ta ajiye cokali ta ce a hankali, "Wannan ai tarin Inna ne." Ta tashi ta shige ɗaki, ba ta sake fitowa ba.

Ni na zauna har ƙarshe ina karanta sunayen da ke wucewa. An gode wa direbobi, an gode wa mai shayi, an gode wa wanda ya ba da aron tunkiya. A wajen labari, sunan Nasiru ne shi kaɗai.

Da na same shi a Hotoro, ya ce masu kallo na waje ba sa tsayawa idan babu mugu a fim, kuma shi girmama Iya ya yi da ya koya wa 'yar wasan motsinta. Ya ƙara da dariya, "Haba Yaya, tatsuniya ai ba ta da uba."

Na ce, "Tana da uwa, kuma a bayanta ka yi wayo."

Ina yaro na ɗauka tatsuniyar gaskiya take faɗa, cewa wutar sata ba ta dafa abinci. Yanzu na ga tana dafawa sarai, har a yi wa mai ita tafi. Na gane Iya ba yadda duniya take ta koya mana ba, aiki ta ba mu: idan wuta ta ƙi tona asiri, wanda ya san murhun da aka ɗebo ta shi zai faɗa.

Saboda haka ina roƙon dattawan zuri'armu, cikin girmamawa, su kira Nasiru zama, su bincika yadda tarin Iya da muciyarta suka koma na mayya, su kuma umarce shi ya nemi kamfanin ya rubuta a farkon fim ɗin cewa labarin daga Kulu ta Gyaɗi-Gyaɗi yake, ita kuma daga Ladi ta Daurawa. Kafin duk wannan, ya je Tarauni ya durƙusa gaban Goggo Asabe, wadda har yau idan jikokinta suka roƙe ta tatsuniya sai ta ce ta manta.