Tsumman da Na Sa wa Sitaci

Ni tela ce, kuma a gidan teloli na tashi a Kano. Da muka zo Greensboro na kama aikin kula da tsofaffi don a ci abinci, amma ranakun hutuna na keken ɗinki ne. Matanmu na nan, 'yan Najeriya da 'yan zongon Gana, ba sa suna ko biki sai kayansu sun bi ta garejin gidana a McLeansville, can gefen garin. Na faɗi haka ne don a san wace ce aka wayi gari an gan ta a taron 'yan wasan gem, wasan nan na kwamfuta da talabijin, sanye da mayafi mai kama da buhun gero, tana riƙe da sandar soso.

Ɗiyata ta fari ce ta ja min. A lokacin shekarunta goma sha bakwai, saura 'yan watanni ta tafi jami'a a wata jiha. Kamar yadda aka raine ni, ba na kiran sunanta, ba na yabonta, ba na jan ta a jiki. Ita kuwa a nan aka haife ta, ta ga uwayen ƙawayenta suna rungumarsu a bakin makaranta kamar sun dawo daga yaƙi, don haka kawaicina bai taɓa yi mata ma'ana ba. Na sha ƙoƙarin koya mata ɗinki tana zillewa. Abin da take so shi ne ta zauna gaban talabijin tana danne-danne, tana juya wata mata ta cikin gem da ke yawo a cikin kufai tana kashe dodanni. Aikin banza da wofi, na faɗa mata ya fi a ƙirga.

Rannan ina yanka albasa ta tsaya a bayana ta ce da Turancinta, "Mama, zan iya amfani da kekenki?"

Daɗi ya kama ni har cikin raina. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Kar dai ki karya min allura."

Wata biyu ta yi tana shiga garejin daga ta dawo makaranta. Ina jin ƙarar keke daga kicin, ina gane inda take sauri da inda zare ya sarƙe mata, amma ban taka ƙafata na shiga ba. Na ce in tana neman taimako ta san inda nake. Daga baya ta bayyana min cewa za a yi taro a wani babban zaure a tsakiyar gari, kowa zai yi shigar wanda yake so a cikin gem, kuma akwai gasar waɗanda suka ɗinka kayansu da hannunsu. Ita shigar matar kufan nan za ta yi. Abbanta direban babbar mota ne, ranar taron zai kasance a kan hanya, ni kuwa na ce ba inda za ta ita kaɗai cikin mutanen da ban san kansu ba. Ta ce in zan bi ta, to sai dai in yi shigar wata tsohuwa mai sayar da magani a cikin wasan. Na ce na yarda, in dai babu ƙaho babu jela.

Ranar Juma'a, ana gobe taron, ba ni da aiki. Bayan ta tafi makaranta na shiga garejin neman almakashina, sai na ga rigar a rataye. Doguwa ce har ƙauri, mai hula a haɗe. Bakinta na ƙasa duk ya zare, zaruruwa na reto. Huji ya fi goma. Hannu ɗaya ya ƙone a baki, ga tabo ruwan ƙasa tun daga kafaɗa har ƙugu, ga wani faci na yadi daban an ɗora shi a karkace da manyan ɗinki kamar na buhu.

Tausayi ne ya fara kama ni. Na ce yarinyar nan ta sha wuya, abu ya gagare ta, girman kai irin nawa ya hana ta tambaya. Sai kunya ta biyo baya. Na hango hoton nan ya faɗa guruf ɗin matanmu na waya, Hajiyoyi suna faɗaɗa shi da yatsa, suna cewa ashe 'yar tela ce wannan. Ba zan ɓoye ba, hoton matar gem ɗin yana manne a bango, kuma na gan shi, ita ma tsumma ne a jikinta. Na ɗauka mai zanen talaucinta yake nunawa. Bai taɓa zuwa min a rai ba cewa akwai mai hankalin da zai zauna ya kwaikwayi talauci da gangan.

Na zage damtse. Na jiƙa rigar da ruwan zafi da garin sabulu, na cuɗe ta sau uku kafin tabon ya saki. Na busar a inji. Na datse bakin da ya zare na yi masa kalmasa. Hujojin nan na zauna na cike su da hannu ɗaya bayan ɗaya, da zaren da na zaro daga jikin yadin, yadda ko ka kai ido ba za ka ga wurin ba. Na cire facin na yar, na yanke ƙunar hannun, na rage ɗayan su yi daidai. Da na ga ɗinkin gefen ma ba a miƙe yake ba, sai na farke na sake. Na sa sitaci, na goge, na turara ta da turaren wuta. Tun hantsi nake abu ɗaya har bayan la'asar, bayana kamar zai ɓalle, kuma rabon da in ji daɗin aiki irin na ranar har na manta.

Da ta dawo ta shiga garejin, na bi bayanta ina goge hannu, ina shirin in ce ba komai idan ta yi godiya. Ta tsaya gaban rigar, ta yi magana ba ta juyo ba.

"Mama, me kika yi?"

"Gyara na yi. Haka za ki fita cikin mutane?"

Ta ce hujojin nan sati uku ta yi tana yin su da takardar gurza katako. Tabon da shayi da gahawa da fenti ta yi shi, hawa-hawa, tana jira ya bushe ta ƙara. Ƙunar kuwa da kyandir ta bi ta a hankali don kar ta wuce inda take so. Raina ya ɓaci, don ba abin da na zata zan ji ba ke nan. Na ce, "To ke da hankalinki ki sayi sabon yadi ki bi shi da wuta? Wannan wace irin sana'a ce?"

Ta dube ni, ta dubi rigar, ta ce, "It's fine, Mama." Ba ta ci tuwo ba ranar.

Da safe muka kama hanya, ita cikin rigarta mai ƙamshi, ni cikin buhuna a kan hijabi. Tun daga wurin ajiye motoci na fara salati. Ƙarti majiya ƙarfi, wasu da furfura a gemu, suna tafe da takubban soso suna ɗaga kafaɗa kamar sun ci gari. Wani mai tumbi ya shafe jikinsa kaf da koren fenti, gumi na tsiyayar da shi, duk kujerar da ya zauna sai ya bar mata shaida. Wata mata da ta isa aurar da 'ya ta maƙala kunnuwan kyanwa, tana jan jela a ƙasa ana takawa tana ba da haƙuri. Zauren kuwa warin gam da zufa da soyayyen dankali ne ya cika shi. Na ga wani cikin sulken kwali da ba ya iya lanƙwasa hannu, matarsa ce take ba shi ruwa a baki da tsinken roba. Na ce a raina, wannan da safiyar Litinin wataƙila shi ne zai sa kwat ya zauna a ofis a titin Elm Street da ke tsakiyar gari yana yanke wa mutane hukunci.

Abin haushi, ni suka fi so. Duk inda na gifta sai a tare ni ana neman hoto. Wani dogo ya rusuna ya miƙo min hannu biyu wai in ba shi maganin ƙarfi kamar yadda tsohuwar take yi a wasan. Na watsa masa harara tun daga sama har ƙasa, na yi tsaki. Ya juya wurin abokansa yana tafi, wai wallahi haka take yi sak.

Ina cikin taɓe baki na lura da wani abu. Akwai 'yan mata huɗu ko biyar da suka yi shigar matar da ɗiyata ta yi, kowacce cikin tsummanta, da datti da ƙuna da faci. Mutane na hango su daga nesa su kira sunan matar, su ruga a yi hoto. Tawa kuwa tana tafe a tsakiyarsu fes, karin guga a tsaye, kamar mai zuwa idi. Ba wanda ya kira ta. Wata yarinya ma ta tsayar da ita cikin fara'a ta tambaye ta shigar wa ta yi. Ta faɗa mata, tana murmushin da na san ba na daɗi ba ne. Na dake. Na ce a raina ai alƙalan gasar sun fi waɗannan mahaukatan ido.

Bayan azahar aka kira masu gasa wani ƙaramin ɗaki, ana shiga ɗaya-ɗaya. Suka bar ni na tsaya daga bakin ƙofa. Alƙalan uku ne. Biyu ban ba su muhimmanci ba, ɗayansu ma da shuɗin gashi. Ta ukun wata dattijuwar Baturiya ce mai tabarau a rataye a wuya, kuma daga yadda ta kama yadin da yatsu biyu na san ta san keke. Ba ta tsaya kallon gaban rigar ba, ta sunkuya ta juya bakin. Ta bi kalmasar da farce. Ta ɗaga yadin ga haske, ta gano wuraren da na cike, ta kira sauran su zo su gani. Ta ce ta daɗe rabon da ta ga cikin huji da hannu mai kyau haka.

Ni da na wuni ina raina wurin da duk wanda ke cikinsa, sai ga kaina ya kumbura. Na gyara tsayuwa cikin buhuna.

Sai dattijuwar ta ce wa ɗiyata, "Ke kika yi wannan?"

Dokar gasar a rubuce take a jikin ƙofar da nake jingine da ita, aikin hannun mai shiga kawai ake dubawa. Na ƙifta mata ido ta ce eh. Ni da nake dukan bakinta tana ƙarama idan ta yi ƙarya, ni ce ranar nake roƙonta da ido ta yi. Ta gan ni sarai, ta mayar da kanta ga matar ta ce, "A'a, mamata ce."

Dattijuwar ta gyaɗa kai, ta ce to ta nuna musu ɓangaren da yake nata. Ɗiyata ta ɗaga hannun rigar ta duba. Ta juya gefen, ta ga ɗinkina ne. Ta laluba kafaɗa, ta laluba wuya, ta buɗe ciki. Ina tsaye ina kallonta tana neman aikin wata biyu a jikin rigarta, kuma na fi kowa sanin ba za ta samu ba, don ba na yin aiki rabi. A ƙarshe ta ciro waya ta nuna musu hotunan yadda rigar take kafin jiya. Dattijuwar ta sa tabarau ta daɗe tana kallo. Ta ce ƙunar hannun nan da tabon kafaɗar aiki ne na wanda ya iya, da sun so su gan shi da idonsu, amma ba sa yanke hukunci da hoto.

Muka fito. Ta sami gefen bango a baranda ta zauna a ƙasa, mutane masu fuka-fukai da ƙahoni suna wuce mu. Kunya da nadama suka taru suka rufe ni, kuma ni idan na ji haka faɗa ne yake fitowa. Na ce, "Ai ke kika yanka ta, ke kika haɗa ta tun farko. Da kin ce eh, wa zai ce kin yi ƙarya?"

Na zaci da Turanci za ta amsa kamar kullum. Da Hausa ta yi, Hausarta mai tsayawa tana neman kalma.

"Mama, ni ba gasar ce ta dame ni ba. Wata biyu ina garejin nan, kullum ina jin tafiyarki a kicin, ina cewa yau za ki shigo ki ga abin da nake yi. Sai ranar da ba na nan kika shiga."

Ta miƙe ta cire rigar, ta rage daga ita sai doguwar rigarta ta gida da ɗankwali. Ta ninke wadda ta cire a kan karin gugar, hannu ciki, wuya sama, ta shafe ta da tafin hannu ta miƙo min.

"Riƙe, taki ce. Zan je in kalli na sauran."

Ta shige cikin taron. Na tsaya a barandar da riga a hannu tana ƙamshin turarena, har wani ya zo ya tambaye ni ko zai iya ɗaukar hoto da ni. Na tsaya ya ɗauka.