Huɗun Kwanni

A bakin kasuwar Illela, Dabo mai shayi na kallon wani baƙon dattijo, gemu ja da lalle, goro cike da kunci, ya durƙusa gaban ramukan dara. Wanda aka cinye zai bar inuwa. Kowa ya san uku ake jerawa a ci, amma dattijon ya jera huɗu, ya tsince tsinken abokin wasansa.

"Ai Kwanni huɗu na ci," in ji shi.

Garin Kwanni na tsallaken iyaka, soja kuwa sun rufe ta, wa zai je ya tambayo? Dabo na zaton ko a gida haka yake da iyalinsa.

Can abokin wasan ya jera nasa huɗun, ya miƙo hannu. Dattijon ya dafe dutsensa.

"Mi kaka yi, Malam? Nan Illela muke."