Lambobin Marigayi Aniello

A shagon taba na unguwarmu a birnin Napoli na Italiya, inda ake yankar tikitin caca, wata tsohuwa tana gabana a layi. Baƙaƙen kayan takabarta sun koɗe, ga shatin matashin kai kwance a kumatunta da rana tsaka. A yatsanta akwai farin zagaye inda zobe ya taɓa zama.

Mai shago ya washe baki. "Donna Nunzia! Yau me maigida ya ce?"

A garin nan kowa ya san mamaci kan ba da lambar caca a mafarki. Ni ma nakan gwada in kakata ta zo mini, a yi dariya a wuce. Ita ba ta dariya.

"Aniello ya zo," in ji ta. "Bakinsa na motsi, amma ya yi nisa. Lamba biyu kawai na ji."

"Mutumin da ko kofi bai saya miki ba yana raye?"

Ba ta kula shi ba. Tana miƙa kuɗin ido rabi a rufe, kamar mai saurin komawa inda ta fito. Ina jin da can cacar wasa ce kawai ta ranar Asabar, ita da shi. Yanzu farkawa ce ta zame mata ɓata lokaci.

"Ya ce barcina ne ba nauyi," ta ce tana ninke tikitin. "In matso kusa, zai faɗa mini sauran."

Ta tsallaka titi ba ta duba ko'ina ba, ta shige kantin magani neman maganin barci.