Allon da Na Sayo wa Inna daga Waje

A lokacin da abin nan ya faru ni ƙaramar ma'aikaciya ce a wani ofishin gwamnati a nan Dutse, aikina buga takardu da jera su a fayil. Karatuna bai wuce sakandare ba, sai ɗan kwas na kwamfuta da na yi daga baya. Aurena na fari bai yi tsawo ba, na dawo gida Limawa wajen mahaifiyata, wadda muke kira Inna. Ni ce autarta. Yayyena duk suna gidajensu, mahaifinmu kuma ya daɗe da rasuwa, don haka mu biyu ne a gidan. Ba na yawo, ba ni da tarin ƙawaye. Abu ɗaya ne ya kama ni, karatun littattafan soyayya na Hausa da ake turawa a waya, har da waɗanda akan rubuta a samansu cewa na matan aure ne. Na rubuto muku ne don in faɗi yadda wannan ɗan abu, da nake ganin bai shafi kowa ba sai ni, ya je ya taɓa mahaifiyata.

Inna malamar matan unguwa ce. Ba ta taɓa shiga ajin boko ba, amma ta yi karatun allo a gaban mahaifinta a wani ƙauye ta wajen Ringim, ta sauke, ta yi littattafai. Bayan la'asar, ban da Alhamis da Juma'a, mata kan cika tsakar gidanmu da tabarmi tana biya musu. Ba ta haddace Littafin Allah duka ba, kuma ba ta taɓa ɓoye hakan ba, takan ce ita mai dubawa ce. To idon ne ya fara tafiya. Da muka je asibiti aka ce hawan jinin ido ne, kuma mun zo a makare. Likitan bai rufe mu ba. Ya ce maganin ɗigawa zai rage saurin abin ne kawai, ganin da ya tafi ba ya dawowa, wanda ya rage ma a hankali zai bi. A cikin adaidaita muna komawa gida, da muka kusa sauka Inna ta ce ita ba makantar take tsoro ba, burinta ɗaya ne, ta ƙara sauka ɗaya da idonta kafin duhun ya iso. A lokacin kuwa ko mus'hafinta mai manyan baƙaƙe sai ta kai shi dab da hanci, ta yi layi kaɗan idon ya cika da ruwa.

A ofishinmu akwai wata babbar mace Kirista, 'yar Filato, da kowa ke kira Anti. Wata rana lokacin hutu na ga tana karatu a wani abu mai faɗin tafin hannu biyu, kamar waya amma ba waya ba. Ta miƙo mini na duba. Fuskarsa kamar takarda take, ba ta da hasken nan mai sukar ido, kuma ta nuna mini yadda ake ƙara wa rubutu girma har kalma huɗu ko biyar su cika layi. Ta ce na'urar karanta littattafai ce, ba ta yin kira, ba ta yin komai sai karatu, caji ɗaya kuma yakan kai makonni. Ƙaninta da ke karatu a ƙasar waje ne ya aiko mata, ya kuma aika wa tsohonsu a ƙauye irinta yana karanta littafin addininsu. Da na ba ta labarin Inna, a take ta ɗaga waya ta kira ƙanin. Na haɗa abin da nake da shi na tura, ƙanin nata ya saya, ya ba wani mai dawowa gida ya sako a jakarsa har Kano, daga can direban mota ya kawo mini tasha. Sai da na kai na'urar wani shagon kwamfuta aka sha wahala kafin a samo irin rubutun da Inna ta tashi da shi tun makarantar allo, domin ta ce bugun zamani yana rikita mata ido. Aka juya shafin a kwance yadda rabinsa zai cika fuskar na'urar.

Ba zan manta ranar da na ɗora mata ita a cinya ba. A ƙarƙashin darbejiyar gidanmu ne da hantsi. Ta riƙe, ta ɗan matso da ita. Sai na ga leɓenta ya fara motsi. Ta karanta shafin har ƙarshe ba ta goge ido ba. Da ta ɗago sai ta yi dariya, ta ce ashe Turawa duk yawon da suka yi allo suka dawo, sai dai nasu ba a wankewa balle a sha. Daga ranar sunan abin ya zama allo. Sannan ta gyara zama ta tambaye ni, ta ce Auta, in gaya mata tsakanina da Allah, me da me ke ciki. Na ce Littafin Allah ne kaɗai, sai wani ƙaramin littafin addu'o'i. Kuma a ranar gaskiya na faɗa. Ta ce to in haka ne hukuncinsa hukuncin mus'hafi ne. Ta ɗinka masa jaka da ragowar farar shadda, ta ba shi wuri a saman sif inda ba a ɗora komai a kansa. Ba mai taɓa shi sai da alwala. Ko caji zan saka sai ta sa na kawo matashi, wai kada ya kwanta a ƙasa. Abu ɗaya kawai ta koya, ta taɓa gefen fuskar shafi ya juya. Sauran ƙananan rubutun na boko ba ta ganinsu, ko ta gani ba ta iya karantawa, duk wannan a hannuna yake.

Wata Asabar tana barcin rana na sauko da shi. Wayata ta dame ni da ciwon ido, na ce bari dai in ga yadda littafin da nake karantawa zai fito a ciki. Ya fito da kyau. Daga ɗaya na ƙara wani, na ƙara wani. Na riƙa gaya wa kaina cewa ai wayar kowa haka take, karatu na ciki, waƙa na ciki, hotuna na ciki, ba wanda ya ce komai. Idan na gama sai in mayar da shi daidai shafin da ta tsaya, in ɗaure jakar yadda ta ɗaure. Wani lokaci da alwala, wani lokaci babu. Inna ba ta sake tambayata ba, ni kuma na bar tsohuwar amsata tana aiki. Haka muka shiga azumi muka fita. A watan nan ta yi karatun da ta daɗe ba ta yi ba, ta wuce rabi, fuskarta har ta ciko. Duk wanda ya shigo gaishe ta sai ta ce a sa wa Auta albarka.

Bayan ƙaramar Sallah ne, ita ma ranar Asabar. Ina tsakiyar karatu mai ruwa ya yi sallama, na tura allon cikin jaka da sauri da niyyar in dawo in gyara. Daga juye ruwa na shiga ɗora girki, na manta. Bayan la'asar mata suka taru. Ina madafa ina jiyo Inna ta yi bisimilla ta buɗe, sai na ji ta ce yau kuma allon nata boko ya tashi da shi. A gefenta akwai wata amarya da ba ta daɗe da tarewa a unguwar ba, wadda ta yi sakandare. Inna ta miƙa mata cikin raha, ta ce Amarya, ita da ta yi boko ta duba mata me yake cewa, ko yunwa yake ji a kai shi wuta. Yarinyar ta ɗaga murya yadda ake ɗagawa a gaban malami. Ta karanta layi na farko, ta karanta na biyu, a na uku muryarta ta mutu. Ba zan rubuta abin da ke wurin ba. Magana ce ta tsakanin miji da mata a ɗaki, kuma da manyan baƙaƙe take, girman da aka saita don idon Inna. Wata tsohuwa ta yi salati. Wata matar kuma dariya ta kufce mata, ta toshe baki da hijabi. Ni kuwa ina tsaye da ludayi a hannu. Inna ta ce a ba ta. Ta karɓa ta kife shi a kan tabarma, a ƙasa, abin da ba ta taɓa yi ba. Sannan ta ce yau da ka za a yi, ta ja musu gajerun surori har lokacin tashi, muryarta ba ta ko girgiza ba.

Bayan magariba ta kira ni. Na zo ina jiran faɗa, da ma faɗan ta yi. Tambaya ɗaya ta yi mini, tun yaushe. Na ce tun kafin azumi. Sai ta ce ashe duk tilawar da ta yi a watan nan, wannan yana kwance a bayan shafin. Ta zare allon daga jakar shaddar ta miƙo mini, ta ce in riƙe, ai kayana ne, ni na saya. A gabanta na goge komai ina kuka, na rantse mata ba abin da ya rage. Ta ce ta ji. Amma ba ta karɓa ba, washegari ma haka, har sati ya zagayo.

Da na rasa yadda zan yi sai na kira ƙaninta, Kawunmu na Ringim, shi ma malami ne kuma suna wasa da juna sosai. Ya zo ya zauna ya yi mata bayani, cewa babu laifi ko kaɗan a kanta, ladanta yana nan, rubutun na'ura ba kamar tawada a takarda ba ne. Har ya zaro wayarsa ya ce Yaya ta cika rigima, ga tasa nan, karatu na ciki, labaran ƙwallo na ciki, har hoton ragon da yake son saya. Inna ta yi murmushi ta ce shi da ma tun yana yaro ba ya raba allonsa da wasa. Sai ta ce ita ba ta ja da fatawarsa. Amma shi yana ganin abin da ke cikin wayarsa, ita kuwa ba ta gani, da bakin Auta take ganin cikin allon nan. Kuma ko ta ɗauka, da ta buɗe muryar yarinyar nan za ta riƙa ji. Kawu ya dube ni, ya mayar da wayarsa aljihu.

Ta koma ga tsohon mus'hafinta da wani madubin ƙara girma. Takan yi layi uku ko huɗu, ruwa ya zubo, kai ya sara, ta rufe. Na roƙe ta in riƙa karanta mata, ta yarda, tana saurare tana gyara mini. Ba ta canza mini fuska ba, tare muke cin abinci, tana tsokanata yadda ta saba. Sai dai da hantsi nakan gan ta a ƙarƙashin bishiyar nan zaune, hannunta a cinya ba komai, tana kallon kajin da ke kiwo. A lokacin tana ganinsu. Sai bayan babbar Sallah ta amince in sayo sabo wanda ba a taɓa saka komai a ciki ba. Na sa aka duba a Kano ba a samu ba, sai masu hasken da ke ƙona mata ido. Ƙanin Anti kuma ya ce ba mai tahowa sai shi da kansa, lokacin Kirsimeti. Muka jira damina ta wuce, kaka ta wuce.

Da ya iso ban buɗe kwalin ba, na kawo mata a rufe don ta yage ledar da hannunta. Kawu da kansa ya kai shago ya tsaya a kai aka saka karatun, aka ƙara girman rubutun har iyakarsa. Ta yi alwala ta karɓa. Ta kai shi kusa da fuska, ta matsar da shi, ta juya wajen rana, ta sake juyowa. Can ta ce tana ganin fari, da wani abu kamar inuwa a kansa. Ta shafa fuskar da babban yatsa, ta ce Allah ya yi mini albarka, na yi ƙoƙari. Kafin azumin da ya biyo baya ta yi zazzaɓi na 'yan kwanaki, Allah ya karɓi abarsa. Ba ta kai ƙarshen saukar ba.

Inna ta yafe mini tun tana da rai, ta faɗa ba sau ɗaya ba, har a gaban Kawu. Ban rubuto don ina shakkar wannan ba. Abin da na gane a makare shi ne, dattijon da ya miƙo maka na'ura ya ce duba mini, ba na'urar kaɗai ya ba ka ba, ya ba ka amanar abin da shi ba zai iya dubawa ba. Mu da muke saita wa iyayenmu waya da irin waɗannan kaya muna ganin abin wasa ne, mu ara, mu saka namu, mu goge. Su ba haka suke ɗaukarsa ba. Ina roƙon duk wanda zai saya wa tsohonsa irin wannan na'ura, ya bar masa ita shi kaɗai. In kana so, ka jira ka sayi taka. In kuma ka faɗa masa abin da ke ciki, daga baya ya canza, ka koma ka faɗa masa da bakinka tun kafin wani ya karanta masa a gaban mutane. Ni na samu yafiya. Amma watannin nan da idon mahaifiyata yake gani kuma ba ta karanta ba, su ne na ƙarshe da take da su, kuma ba wanda zai iya dawo mata da ko wuni ɗaya daga ciki. Wanda ya karanta wannan ya sa ta a addu'a.